Barcin Kwamfutar Baba

A gidanmu duk takardar da za a buga sai ta bi ta ɗakin Baba. Firinta ɗaya ce tal a gidan, tana zaune a kan teburinsa, an haɗa ta da waya da tsohuwar kwamfutarsa mai ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur. Ni ina da laftof, Yayana yana da tasa, matarsa ma tana da tata, amma duk wanda ya danna a buga, saƙon sai ya bi iska ya shiga akwatin intanet ɗin da ke ƙyafta ido a kan kabad ɗin falo, daga nan ya wuce kwamfutar Baba, ita kuma ta miƙa wa firinta. Takarda ta fito a gaban Baba, ya ɗauka, ya gyara zaman tabarau, ya zaro jan biro daga aljihun gaba. Kafin ka taso daga ɗakinka ka iso, an riga an yanke maka hukunci.

Mai buga tafireta ne tun yana saurayi har ya yi ritaya, shi ya sa har gobe 'yan unguwa Akawu suke ce masa. Siriri ne, dogo, mai tafiya a miƙe kamar an sa masa sanda a riga. Yatsunsa kuwa ba su san an yi ritaya ba. In yana sauraron rediyo za ka ga suna rawa a kan gwiwarsa, yana buga labaran duniya a wandonsa. Mama ta ce har cikin barci yakan buga wasiƙa a kan bargo, kuma in ya kai ƙarshen layi sai ya kai hannu ya ture abin da babu. Ta ce farkon aurensu ta ɗauka sauro yake kora.

Ya sha ba mu labarin ɗakin da suke aiki: dogon zaure, tebura a jere, tafireta kowanne da mai shi, ƙara kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Duk wata takarda ta ma'aikatar sai ta shigo nan kafin ta fita duniya. Manya su rubuto da hannu, rubutu kamar tafiyar kaza, su kuma su mayar da shi abin da ido zai iya kallo. Wannan ɓangaren na labarin mun haddace shi, har da sunan man da ake ɗiga wa tafireta. Ƙarshen labarin ne bai cika faɗa ba. Ni dai sau ɗaya na ji shi, ranar da yake goge firinta da tsumma ni kuma ina riƙe masa murfi.

Da kwamfuta ta shigo bai yi gardama da ita ba, ya koya, har ya fi matasan sauri. Sai aka fara ba kowane ma'aikaci tasa, da firinta a gefe. Zauren ya riƙa raguwa, wannan ya tafi, wancan a sauya masa aiki, har aka mayar da wurin ɗakin taro, aka kai teburin Baba ƙarshen baranda kusa da sito. Kullum ya zo a kan lokaci, ya goge tebur, ya jera biro, ya zauna har a tashi.

"Ba korata aka yi ba, Auta," in ji shi. "Da kora ce da ta fi sauƙi. Daina zuwa wajena aka yi."

Daga nan ya ce in riƙe murfin da kyau, kada in karya masa kunne, maganar ta wuce.

Da ya yi ritaya Yaya ya saya masa kwamfuta da firinta don kada zama ya cinye shi. Kafin mako ya zagayo ɗakin ya koma ofis. Ga tire na takardun da suka fito, ga gwangwanin biro, ga benci a jikin bango na masu jira, ga rigar da Mama ta ɗinka wa kwamfutar da ragowar labule. Yana buɗewa bayan shayin safe, ya rufe bayan abincin dare, ya kashe komai ya lulluɓe. Wanda ya zo bayan an rufe sai ya haƙura, wanda kuma ya zo da sassafe yana haki zai ji cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe yakan buga wa maƙwabta 'yan takardunsu, bayan abincin rana ya kwanta ya yi barcinsa mai nauyi, da la'asar kuma ya fita benci gaban shagon mai aski, wajen tsofaffin abokansa.

Yaya ne ya haɗa kwamfutocin gidan suka san juna. Ya buɗe wa kowa hanyar firinta, ya kuma yi wata folda a kwamfutar Baba da kowa zai iya sa abu ya ɗauka daga ɗakinsa. Ya ba ta wani dogon suna, Baba ya goge ya rubuta Tire. Hotunan iyali suna ciki, da darussan Anti, matar Yaya, wadda ke karatun jinya, da tambayoyin da nake shirya wa ɗalibaina, don ni malamar firamare ce.

Zan faɗi gaskiya, jan biron nan ya sha ƙona min rai. Ina koyar da yara rubutu, amma in zo in tarar an zagaye min waƙafi kamar 'yar aji ɗaya. Sai dai ba wanda yake ɗaukar takarda ya juya. Dole ka zauna a benci a nuna maka laifinka, daga laifi a gangara kan yadda makaranta take, daga nan a koma kan ciwon ƙafar Mama. Ta haka Baba ya san duk abin da gidan ke ciki. Ya san Yaya na neman sauya wurin aiki tun kafin Mama ta ji ƙishin-ƙishin, bai kuma ce uffan ba, don a cewarsa mai tafireta yana da ido amma ba shi da baki.

Ana nan, wata rana na dawo daga makaranta na danna a buga min tambayoyin gwaji, sai laftof ta ce ba ta ga firinta ba. Na leƙa Tire, shi ma babu. Kwamfutar Baba ɗungurungum ta fita daga jerin kwamfutocin gidan kamar ba a taɓa saninta ba. Na yi abin da kowa ke yi, na sake dannawa, na kuma dannawa da ƙarfi, sai ka ce maɓallin kurma ne. Da na gaji na tafi wanke-wanke. Can wajen la'asar sai na ji firinta ta kama aiki ba ji ba gani. Ashe duk dannawar da na yi tana nan a layi tana jira. Baba ya fito da tulin takardu a hannu.

"Auta, ɗaliban naki ne suka ƙaru, ko takarda ce ta yi miki laifi?"

Ya yanka su gida-gida ya mayar da su na rubuta saƙo, muka daɗe muna rubuta cefane a bayan tambayoyin lissafi.

Abin ya zama ciwon yau da gobe. Ta ɓace, ta dawo, ba sallama ba ban-kwana. Yaya kuwa, wanda aikinsa na ofis bai haɗa komai da gyaran kwamfuta ba, tun ranar da ya haɗa mana su ya naɗa wa kansa sarautar injiniyan gida. Wasu ranakun daga gida yake aiki, don haka da an yi kuka sai ya nannaɗe hannun riga. Maganinsa na farko shi ne ya kashe akwatin falo ya kunna, sannan ya shiga ɗakin Baba ya duba. Yana zama a kujera yana taɓa linzamin kwamfutar, sai a ji Anti daga ɗaki tana cewa ta dawo. Ya fito yana karkaɗe hannu.

Washegari ta sake ɓacewa. Ya ce waya ce, ya zare ta ya hura mata iska ya mayar, ta dawo. Jibi ya ce manhajar tsaro ce ke tare hanya, ya kashe ta ya kunna, ta dawo. Wata rana ya gano cewa kwamfutar Baba ta ɗauki intanet ɗin gidanmu a matsayin na wurin taron jama'a, shi ya sa take ɓoye kanta daga baƙi. Ya yi mata bayani a saiti cewa nan gida ne. Baba ya ce kada a ga laifinta, duk wanda ya ga yadda ake shige da fice a gidan nan zai ɗauka tasha ce. Ranar ma ta dawo, gobe ta tafi. Akwai ranar da Yaya ya yi ta faɗa shi kaɗai, yana cewa kwamfutar ta tsufa, firintar ta tsufa, sai Anti ta leƙa ta ce, "Ai laftof ɗinka ba a kan intanet ɗin gida take ba, a kan na wayarka take." Wannan ranar ba mu ji an karkaɗe hannu ba.

Duk wannan sintiri da rana ake yi, kuma kullum sai an tashi Baba daga barci. Ya zauna a bakin gado, idonsa a kan ɗansa da ke kan kujerarsa, shiru kamar mai jinya da likita ya shigo duba majinyacinsa. Ba ya tambaya, ba ya sa baki. In an gama ya tashi ya mayar da linzami daidai inda yake ajiye shi.

Tura ta kai bango ranar da Anti ta makara zuwa ajin yamma saboda aikin da za ta miƙa ya ƙi fitowa. Muna cin abinci Yaya ya ce shi fa ya gaji.

"Yanzu akwai firinta da ba ruwanta da kwamfutar kowa. Ba waya, ba komai. A falo za a ajiye ta, kowa ya tura ya zo ya ɗauki abinsa. Kai ma ka huta, Baba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Baba bai ɗago ba, ya ci gaba da cin abincinsa a hankali. Amma ni ina gefensa, na ga yatsun hagunsa da ke rawa a kan gwiwa sun tsaya cik. Baranda kusa da sito ta faɗo min a rai, abincin ya fita daga kaina.

Mama ce ta katse shirun, ita da ko kunna kwamfuta ba ta taɓa yi ba.

"Ni abin da ke ba ni haushi da ku, ba ku tashi ihunku sai bawan Allah ya kwanta. Ku bar shi ya yi barcinsa mana. Da safe ban taɓa jin wani ya ce abu ya ɓace ba."

Na ajiye cokali. Na ce, "Yaya, barci take yi."

"Wa?"

"Kwamfutar. In Baba ya kwanta ba mai taɓa ta, sai ita ma ta kwanta. Kai kuma duk shigar da ka yi, linzami kake fara taɓawa. Ba gyaranka ke dawo da ita ba, tashinta kake yi."

Yaya ya ce shi ma ya fara zargin haka.

Washegari muka gwada. Baba ya kwanta amma bai rufe ido ba, ni ina benci da laftof a cinya, Yaya a tsaye. Muka zuba wa allon ido. Jim kaɗan ya dusashe, ya yi baƙi, sannan fankar da ke cikin akwatin ta yi shiru. Na duba wajena, Tire ya ɓace, firinta ta bi shi. Yaya ya ɗan ture linzami da yatsa ɗaya, fanka ta tashi, komai ya dawo. Gani ya kori ji.

Baba ya tashi zaune. Wannan ne karo na farko da ya yi tambaya.

"Me ke sa ta barcin?"

"In an daɗe ba a taɓa ta ba," in ji Yaya.

"In an taɓa fa?"

"Ba za ta yi ba."

"Ko ba a buga komai ba? Taɓawa kawai?"

"Taɓawa kawai."

Baba ya ce, "To."

Yaya ya ja kujera yana cewa ai saiti ne kawai, yanzu zai gyara. Yana zama wayarsa ta yi ƙara, daga ofis ne. Ya miƙe da ita a kunne, ya tsaya a bakin ƙofa ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce, "Amma fa in ta sake yi ko sau ɗaya, sabuwa zan sayo, na gama magana." Ya fice yana cewa na'am ranka ya daɗe. Ni ma na naɗe laftof na bi bayansa, na bar Baba da wannan "to" ɗin nasa.

Daga ranar firinta ba ta sake ɓacewa ba. Da rana tsaka ka danna, ta fito. Da la'asar ka danna, ta fito. Yaya ya tabbatar wa kansa cewa ya gyara saitin kafin wayar ta shigo, mu ma muka yarda, tunda ga shaida. Duk baƙon da ya zo sai ya ji yadda aka yi fama da ciwon da yadda injiniya ya gano bakin zaren. Ni da Mama ba ma cikin labarin, amma muka bar shi, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Baba ne ya fara sauyawa. Idonsa ya yi ja. Yana riƙe da kofin shayi sai ka ga kansa ya yi gaba ya dawo. Labaran rediyo suka riƙa wucewa ba wanda ya buga su a wando. Mai aski ya tare ni a hanya ya ce ko Akawu ba shi da lafiya ne, an kwana biyu ba a gan shi a benci ba. Da na faɗa wa Baba sai ya ce in gaishe su, aiki ne ya yi yawa. Na dubi tiren da ke kan tebur, takarda biyu ce kawai a ciki. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da takardata ta dawo fes, ba ɗigon ja ko ɗaya. Na tafi makaranta ina jin kaina, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, Malama, an maimaita tambaya ɗaya sau biyu. Kuskure ya wuce ta gaban Baba bai gani ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Wata rana aka tashe mu da wuri daga makaranta. Na shigo gida na ji ƙauri daga kicin, ba kowa a wurin. Na sauke tukunya na leƙa ɗakin Baba. Mama ce a tsaye gaban tebur, ludayi a hannun hagu, tana ture linzami da ɗan yatsa ɗaya tana janyewa, kamar mai gwada zafin tukunya.

"Mama, me kike yi?"

"Gadi. Babanku ya shiga wanka. Ya ce in riƙa shafa wannan abin kada fuskar ta yi duhu."

"Tun yaushe ake haka?"

"Tun ranar da kuka taru a nan kuka yi shawararku. Ba ku kuka ce haka injin ke so ba? Shi ke zama a kai daga safe har a rufe. In zai yi salla ko wanka sai ya kira ni. Barcin rana dai an yi sallama da shi. Jiya na shigo na tarar yana gyangyaɗi a kujera, hannunsa a kan abin, yana motsi shi kaɗai. Na ce Malam ka kwanta mana in riƙe maka, ya ce ba a barin wa wani aikin da aka ba ka."

Na fara dariya, don abin da ban dariya: uwata da ludayi tana rarrashin kwamfuta kada ta yi barci, miya na ƙonewa. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Tsoho ya sayar da barcinsa da abokansa don kada a daina zuwa ɗakinsa, mu kuma muna ta danna a buga muna yaba wa injiniya. Tausayinsa ya kama ni, haushinmu ya kama ni, na rasa wanne ya fi.

Ya shigo da tawul a wuya. Da ya gan ni sai ya tsaya, ya dubi Mama, Mama ta ce ita miyarta ke kiranta, ta fice.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya rataye tawul, ya zauna a kujerarsa, hannunsa ya tafi kan linzami da kansa.

"In faɗi me? Yayanki ya ce in ta sake ko sau ɗaya. To ba ta sake ba."

"Ai saiti ne, Baba. Mantawa ya yi bai gyara ba. Da ka yi magana da an gama tun ranar."

"In na yi magana sai a ce ga shi nan, har yanzu da matsala a ɗakin tsoho." Ya gyara tabarau bai dube ni ba. "Na taɓa ganin yadda ake kwashe aiki daga tebur, Auta. Ba a yi da faɗa. Kowa cewa yake don ka huta ne."

Kuka ya so ya zo min, amma Baba ba ya son kuka a ofis. Na ce ya ɗan matsa. Na shiga saitin wuta, na nemo inda aka rubuta lokacin barci, na zaɓi kada ta yi sam. Allon kawai na bari ya riƙa rufe ido in an daɗe, don kada ya gaji a banza. Duka aikin bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Shi ke nan."

"Ban yarda ba. Ba a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. A gwada."

Muka gwada. Na ɗauko laftof na zauna a benci, shi ya koma bakin gado ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi don kada su ci amanarsa. Muka zuba wa allon ido. Da ya fara dusashewa sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Da ya yi baƙi ƙirin, hannunsa ya kuɓuce ya nufi tebur, na riƙe shi.

"Ido kawai ta rufe, Baba. Saurari fankar."

Ya karkata kunne. Fanka tana juyawa abinta. Muka ƙara jira har muka wuce inda ta saba ɓacewa, muka ƙara a kai. Na juya masa laftof ya ga Tire yana nan daram. Sannan na buɗe wata takarda na danna a buga. Allo baƙi, ba wanda ya taɓa komai, sai firinta ta yi gyaran murya ta ja takarda.

Baba ya kalli takardar tana fitowa har ta sauka a tire. Ya saki wani dogon numfashi. Ya ce, "Ashe tana iya aiki ido rufe, irin na mutanen da." Ya ɗauka zai duba, layi ɗaya ya karanta tabarau ya fara zamewa. Na karɓe takardar na ce ba ta gaggawa ba ce. Ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa kawai, ba barci zai yi ba. Kafin in cire masa tabarau ya yi nisa. Ba a jima ba yatsunsa suka fara rawa a kan bargo.

Ina zaune a wurin sai firinta ta sake motsi. Yaya ne ya turo daga ɗakinsa. Sai ga takunsa a baranda, yana sauri kamar kullum. Na tare shi a bakin ƙofa da yatsa a baki.

"Matsa in ɗauki takardata, ta gaggawa ce."

"Ba a duba ba tukuna."

"Auta, ba na son wasa."

Na jawo shi gefe na faɗa masa komai a hankali, da gadin, da ludayin, da bencin mai aski da aka daina zuwa. Ya ce ai ya gyara saitin. Na ce bai gyara ba, duk kwanakin nan Baba ne saitin. Na kuma ba shi labarin teburin da aka kai kusa da sito, wanda ashe bai taɓa ji ba.

Yaya ya tsaya yana kallon mahaifinsa daga bakin ƙofa, ya daɗe a haka. Sannan ya cire takalmi ya shiga a hankali. Na ɗauka takardar zai ɗauka. Sai ya zaro jan biro daga aljihun rigar Baba da ke rataye a ƙusa, ya ɗora shi a kan takardar cikin tire, ya zo ya zauna kusa da ni a benci.

Na ce, "Ba ta gaggawa ba ce?"

Ya ce, "Ta jira ya tashi."